Mai Agogon da Ya Koma Yankan Nama

A ɗakin gwaje-gwaje na asibitin, har yau ba wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Agogo. Sababbin ma'aikata kan ɗauka don ba ya makara ne aka laƙaba masa. Gaskiya ne ba ya makara, amma sunan ya girmi zuwansa asibiti da shekara ashirin da bakwai.

Yana da shekara goma sha huɗu kawunsa ya zaunar da shi a gefen teburinsa, ƙarƙashin matakalar wani dogon bene a bakin babban titi, tsakanin shagon mai ɗaukar hoto da rumfar mai yankan makulli. Teburin bai fi kamu biyu ba. A kansa akwai akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka kawo gyara suka manta. A nan ya koyi riƙon hantsaki, ya koyi ɗauke numfashi idan zai ɗora ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba. Da kawu ya rasu teburin ya zama nasa. A kansa ya yi aure, a kansa ya ciyar da 'ya'ya huɗu, kuma a duk tsawon titin an san in agogo ya gagare shi, to a jefar.

Sai wayar hannu ta shigo gari. Mutane suka daina duba tsintsiyar hannu, suka koma laluben aljihu. Masu ɗaura agogon ma suka koma irin wanda in ya mutu ba a yi masa magani. Yakan wuni bai yi aikin da ya wuce canza batir ɗaya ba. Da ya ga haka sai ya buɗe ƙofa: tabarau, sikeli, tocila, keken ɗinki, duk abin da aka ɗaure da sukuru ya karɓa.

Wata safiya, yana da shekara arba'in da ɗaya, wata mata mai farin tabarau ta tsaya a gabansa rungume da akwatin katako. Ta dire shi a kan teburin tana haki.

"Malam, an ce kana gyara duk abin da ke juyawa."

"In ya yarda da ni, ranki ya daɗe."

Ta buɗe akwatin. Madubin likita ne, irin wanda ake leƙa ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Ta ce ita likita ce a babban asibiti, amma ba ta duba marasa lafiya, naman jikinsu take dubawa. Ɗan maɓallin da ake murzawa a daidaita gani ne ya cije, kamfanin da ke gyara kuma ya ce sai bayan wata huɗu.

"Wata huɗu ba ni da ido ke nan," ta ce.

Kwana uku ya yi a kan madubin. Da ya kwance shi sai ya tarar tsohon mai ne ya daskare kamar ƙaro, haƙori ɗaya na ƙaramar ƙafar ƙarfe kuma ya lanƙwashe. Ya wanke, ya miƙar, ya ɗiga mai, ya mayar da komai mazauninsa. Bai leƙa ciki ba ko sau ɗaya, don bai san abin da ake sawa a kalla ba.

Ranar da Dakta ta dawo, ta zo da wani siririn gilashi mai tsawon yatsa, da ɗan tabo ruwan hoda a tsakiyarsa. Suka jawo wuta daga shagon mai hoto. Ta ɗora gilashin, ta murza maɓallin, ta gyaɗa kai.

"Ya fi yadda yake yana sabo."

Har ta fara naɗe waya, sai bakinsa ya riga shi.

"Dakta, wai me ake gani a ciki?"

Ta matsa gefe. "Zo ka gani da kanka. Kada ka runtse ɗaya, buɗe duka biyu."

Da farko haske kawai ya gani. Ya taɓa maɓallin da ya gyara da hannunsa, ya murza kaɗan, sai abu ya taso masa kamar an yaye labule. Wasu dunƙule-dunƙule ne kamar ƙwallon zare, kowanne zaune cikin ɗan farin da'ira. Kewaye da su zobba ne birjik, manya da ƙanana, kowane zobe an jera masa ɗigo-ɗigo masu launin shunayya, ba wanda ya hau kan wani. Ya ɗago ya kalli tabon da ke kan gilashin, bai fi ƙwayar wake ba. Ya sake sunkuyawa.

"Wane ne ya zana wannan?"

Ta yi dariya. "Ba zane ba ne. Ƙoda ce, an yanko ta siririya aka rina. Ɗigon nan da kake gani, kowanne cibiyar ƙwayar halitta ɗaya ce. Dunƙulen kuwa matatar jini ce. A ƙoda ɗaya akwai wajen miliyan."

"A cikina?"

"Miliyan biyu ma, in ba ka ba da ɗaya aro ba."

Mai Agogo ya sake manna idonsa a madubin. Shekara ashirin da bakwai yana tinƙahon ya san aiki mafi ƙanƙanta da tsari a duniya, ashe wanda ya fi shi yana nan a kwiɓinsa, yana tace masa jini yana barci, bai taɓa neman a ɗiga masa mai ba. Sai da mai hoto ya leƙo ya ce yana bukatar soket ɗinsa sannan ya ɗaga kai.

Da ya koma gida da yamma bai bari matarsa ta sauke tukunya ba ya fara. Ya ɗauki biro ya zana mata zobba a bayan kalanda, ya zana dunƙulen, yana nuna kwiɓinta da biron.

"Baban yara, lafiya kuwa?" ta ce. "Rabon da in ga bakinka har kunne haka, tun ranar da aka haifi Auta."

Dakta ta ba shi aikin duba madubai goma sha biyu na ɗakin gwajin, sau ɗaya a mako. Aikin sa'a biyu ne, shi kuwa sai ya kai la'asar. Abin da ke riƙe shi wani tsoho ne da ke zaune a ƙuryar ɗakin gaban injin yanka, wanda kowa ke kira Baba Aska. Shi ne mai shirya gilasan da Dakta ke dubawa. A tsaye a bayansa Mai Agogo ya haddace aikin. In likitoci sun gutsuro nama daga jikin mara lafiya, sai a jefa shi cikin wani ruwan magani mai yaji a ido don kada ya ruɓe. Washegari a tsane shi da sifirit, a jiƙa shi cikin narkakken kaki, a bari ya daskare ya zama kamar ɗan gutsuren sabulu da naman a tsakiya. Wannan dunƙulen kakin ake ɗaurawa a inji. Baba Aska ya riƙa juya hannun injin, aska tana shafto yanka bayan yanka, suna fitowa manne da juna kamar kintinkiri, kowanne siririn da sai an tsaga gashin kai gida goma sha biyar kafin a kai shi. A shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tallabo da gilashi, a rina da shuɗi da ja.

Wata rana tsohon ya gaji da numfashin da ake yi masa a ƙeya.

"Kai, mai agogo, tsayuwar nan taka ta ishe ni. Zauna ka ɓata guda ɗaya ka huta, ni ma in huta."

Ya ba shi dunƙulen da ba na kowa ba, na koyo. Mai Agogo ya zauna, ya ɗauke numfashi kamar yadda ya saba, ya juya. Kintinkirin ya fito, yanka takwas, ba tsagewa ba tattarewa. Ya ɗauke shi da hantsaki ya kwantar a kan ruwa. Baba Aska ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wa ya koya maka?"

"Kai, Baba."

"Ni wata uku na yi ina yayyaga kafin in fitar da irin wannan. Je ka kira mini Dakta."

Dakta ta duba, ta ce hannu kam akwai, amma asibiti ba ya ɗaukar hannu sai da takarda. Shi kuwa a aji uku na sakandare ya bar makaranta. Ta ce akwai ajin yamma, daga nan akwai kwas na shekara biyu. Ta faɗa a hankali, irin ta wanda ya san za a ce masa an gode.

"Yaushe ake fara rajista?" ya ce.

A gida, matarsa ta saurare shi har ya gama.

"To, yanzu in an tambaye ni sana'ar mijina, in ce ya bar agogo ya koma fawa?"

"Ki ce fawa, amma naman da nake yankawa a shekara ba zai cika cokali ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta nutsu ta ce, "Teburin nan dai ya daina ciyar da mu, kowa ya sani. Ni ina da kekena, ɗinki ba zai yanke ba. Je ka yi karatunka. Amma in ka faɗi jarrabawa kada ka dawo mini da fushi."

Ya kuwa faɗi. A ajin, 'yan ajinsu sa'o'in babbar 'yarsa ne, suna kiransa Dattijo, suna ba shi kujerar gaba. Ilimin halittu ya shige shi kamar ruwa a yashi, amma ilimin sinadarai ya kayar da shi warwas a karon farko. Babbar 'yar tasa, wadda ke ajin ƙarshe a lokacin, ita ta karɓi ragamarsa. In ta dawo daga makaranta sai ta zaunar da shi a falo ta riƙe littafin.

"Baba, jiya fa na gaya maka wannan."

"Jiya ai da wata ƙwaƙwalwar na zo. Sake faɗa wa ta yau."

A karo na biyu ya haye. Bayan shekara huɗu da ranar da ya fara leƙa ƙoda, aka ba shi farar riga da kujera kusa da ta Baba Aska. Teburin ƙarƙashin matakala ya bar wa mai yankan makulli ya faɗaɗa rumfarsa.

Aikin bai taɓa gundurarsa ba. Dokar ɗakin ita ce mai rini ya leƙa kowane gilashi ya tabbatar launi ya kama kafin a kai wa Dakta. Wasu daƙiƙa biyar suke yi. Shi sai an taɓa kafaɗarsa. Ya gane hanta da jerin ƙwayoyinta masu tafiya layi-layi zuwa tsakiya. Ya gane huhu, wanda yake kamar raga. Hanji ne ya fi burge shi, da 'yan yatsunsa dubbai a tsaitsaye. In Dakta na da sarari takan zaunar da shi a madubi mai kai biyu ta nuna masa inda ƙwayoyi suka bar layi, suka yi manyan cibiyoyi baƙaƙe, suna turereniya ba tsari. Wannan, ta ce, shi ne ciwon daji. Ranar da ya fara ganinsa bai iya cin abincin rana ba.

A shekararsa ta bakwai da farar riga ne abin da ake ba da labarinsa har yau ya faru.

Ranar Litinin aka sauko da wata 'yar kwalba daga ɗakin da ake leƙa hanji da na'ura. A ciki gutsure uku ne, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Takardar ta ce: namiji, shekara talatin da huɗu, kumburi a babban hanji, jini a bayan gida, rama. A ƙasa an rubuta ana zargin ciwon daji, an ja layi biyu. Ranar Talata Mai Agogo ya yanka. Yankan farko suka fito sumul. Da ya ƙara shiga ciki sai wani siririn layi ya fara tsaga kintinkirin. Ya yi tsaki, ya share masu layin da buroshi ya zubar, ya ɗauki masu kyan ya rina. Bai saba kai wa Dakta aiki mai tabo ba.

Da azahar likitan tiyata ya sauko da kansa, dogon mutum mai saurin magana. Mai Agogo na goge teburin rini, yana jin su ta ƙofar ofis.

"Ban ga daji ba," Dakta ta ce. "Kumburi ne kawai, ban kuma ga abin da ya kawo shi ba."

"To gefe aka gutsuro, ba a sami tsakiya ba. Na ga abin da idona, ya kusa toshe hanya. Alhamis zan shiga in cire wannan sashen duka. Wataƙila sai da jakar bayan gida manne a cikinsa zai rayu, amma zai rayu."

Maganar jakar ta tsaya wa Mai Agogo a rai. Shekara talatin da huɗu. Ya koma gida, ya ci abinci bai san me ya ci ba. Sai da yana wanke hannu layin nan ya faɗo masa. Ba layin kaɗai ba, har da ɗan abin da ya ji a tafin hannunsa lokacin da yake juya injin, wani ɗan ƙis, kamar an taka ƙwayar yashi da takalmi.

Ranar Laraba shi ya riga mai shara isowa. Ya ciro dunƙulen daga ma'aji, ya ɗora a kan ƙanƙara ya yi sanyi, ya ɗaura. Baba Aska, wanda saura masa wata biyu ya ajiye aiki, ya shigo ya same shi.

"Wannan ba jiya ka gama da shi ba?"

"Baba, zo ka ga wani abu." Ya juya sau ɗaya. Layin ya fito.

"Askarka ce ta yi gibi. Canza ta."

"Haka na ɗauka jiya. Amma duba." Ya zame askar gefe, ya kawo sabon wuri da bai taɓa yanka ba, ya juya sau ɗaya. Layin ya sake fitowa, daidai inda yake, a kan gutsure na biyu. "In da gibin a aska yake, da na matsar da ita layin ya bi ta. Bai bi ta ba. Abin yana cikin naman. Akwai wani abu mai tauri a ciki, shi ke karce askar."

Tsohon ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "Ruwa ba ya tsami banza," ya ce. "Amma kada ka ƙara juyawa. Saura kaɗan naman ya ƙare, in ya ƙare ba izini, ni da kai ne a ciki."

Dakta na aji da ɗaliban likitanci a hawa na biyu. Mai Agogo ya tsaya a bakin ƙofa da dunƙulen a tafin hannu. Ya yi niyyar jira ta gama. Ya kai ya kawo sau uku a barandar, ƙafarsa ta ƙi tsayawa, ya ƙwanƙwasa. Ɗalibai arba'in suka juyo.

Ta fito. Ya yi mata bayani, kalmomi na tuntuɓe da juna, har da laifinsa na zubar da yankan jiya bai ɓoye ba. Ta karɓi dunƙulen ta ɗaga shi saitin taga.

"Nawa ya rage?"

"Bai kai kaurin farce ba."

"In ka yanke shi duka ba mu sami komai ba, ba abin da za mu koma wa."

"Na sani, Dakta. Amma gobe ne za a shiga da shi."

Ta mayar masa da dunƙulen. "Kifa fuskarsa a ruwan tausasa ƙashi, minti goma. Sannan ka yanka, kada ka zubar da ko ɗaya, mai kyau da mummuna. Ina gama aji zan sauko."

Minti goman nan sun fi masa shekara huɗun makaranta tsawo. Da suka cika ya ɗauraye, ya sanyaya, ya ɗaura. Baba Aska ya kashe fanka ya rufe taga don kada iska ta ɗauke yanka, ya tsaya a bakin ƙofa yana korar masu shigowa. Mai Agogo ya juya a hankali. Ɗaya, biyu, uku. Yanka goma sha takwas ya samu kafin kakin ya koma fari fat ba nama. Ya raba su a gilashi shida. Ya rina da hannunsa, kwano bayan kwano, yana ƙirga daƙiƙu a zuci.

Gilashi na farko, ba komai sai kumburi. Na biyu haka. Ya ɗora na uku, ya gangara zuwa gutsure na biyu, ya bi layin karcen har inda ya faro.

Ga abin nan zaune a mafarin layin. Wani abu mai siffar ƙwai, da ɓawo mai kauri, cikinsa ya yi duhu ya ƙanƙare kamar tsakuwa, da 'yar ƙaya guda a gefensa. Ƙwayoyin jiki sun kewaye shi zobe bayan zobe, kamar taron da ya ritsa ɓarawo a kasuwa. Bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ya san shi. Hotonsa yana shafi na dama a littafin da babbar 'yarsa ta riƙa yi masa tambayoyi a ciki. Ƙwan tsutsar tsargiya ne, wadda ke shiga fatar mutum in yana yawan shiga ruwan da ba ya gudu sosai.

Ya matsar da gilashin kaɗan, ga wani. Ya ƙara, ga biyu manne da juna.

"Baba," ya ce, "zo ka gaya mini ko idona ne."

Baba Aska ya leƙa. Ya ɗauko faranti ya jera gilasan shida ya miƙa masa, ya buɗe ƙofar da faɗinta.

Ma'aikatan wannan hawa sun ce ba su taɓa ganin Mai Agogo yana gudu ba sai ranar. Gudun ma na mai ɗauke da ƙwai ne, kafaɗa a sandare, ƙafa na sauri. A kan matakala ya yi kiciɓis da Dakta tana saukowa. Ta kalli fuskarsa kawai ta juya zuwa ofis.

Ta zauna a madubi mai kai biyu, shi a ɗaya kan. Ya ji tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Ta kai tara ta daina. Ta ɗauki waya ta kira likitan tiyata.

"Mara lafiyarka na gobe, mene ne aikinsa?"

Aka je aka tambayo. Injinan ban ruwa yake gyarawa a gonaki, rabin yininsa a tsaye cikin magudana, ruwa har ƙugu, shekara goma sha biyu.

Likitan tiyata ya sauko yana taka matakala bibbiyu. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Dakta ta ja masa kunne cewa ƙwan ba ya nufin babu daji, don ana iya samun biyun a wuri ɗaya. Amma yanzu akwai dalilin kumburin, kuma dalilin yana da magani na haɗiya. Suka tsayar da shawara: a ɗage tiyata, a sake gutsuro nama daga wurare da dama, a ba shi maganin, a sa masa ido sosai.

A bakin ƙofa likitan ya tsaya. "Wa ya ce a ƙara yankawa?"

Dakta ta nuna Mai Agogo da haɓa. Likitan, wanda shekara bakwai yana wuce shi a baranda, ya dawo ya miƙa masa hannu.

"Yaya aka yi ka sani, Malam?"

"A hannuna na ji, likita. Sai dai na makara da kwana ɗaya."

Gutsuren da aka sake kawowa guda goma sha ɗaya ne, duk shi ya yanka, duk ƙwai ne ba daji. Bayan wata biyu aka sake leƙa hanjin, kumburin ya ragu da fiye da rabi. Bayan wata shida sai ɗan tabo. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo masa labarin ƙarshe, ta ce mutumin ya zo da ƙafarsa, ya yi ƙiba har wandonsa ya matse shi, an kuma sa shi ya sayi dogon takalmin roba. Mai Agogo bai taɓa ganin fuskarsa ba. Yakan ce ya san hanjin bawan Allahn nan lungu-lungu, amma in sun haɗu a motar haya ko gaisawa ba za su yi ba.

Tun daga ranar aka kafa sabuwar doka a ɗakin: yankan da ya karce ba a zubar da shi sai an san abin da ya karce shi. Da Baba Aska ya ajiye aiki, kujerar ƙurya ta koma hannun Mai Agogo.

Yanzu shekararsa hamsin da tara. Gashi ya yi fari, an ƙara wa tabarau ƙarfi sau biyu, hannun dai na nan yadda yake. A bana wani sabon abu ya ɗauke masa hankali. Makarantar likitanci ta nemi gilasan koyarwa na ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ake rinawa da ruwan azurfa don ƙwayoyin jijiya su fito da rassansu. Rini ne mai taurin kai, ba wanda ya taɓa yin sa a ɗakin. Sau goma yana gwadawa. Wani ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wani fari kamar ba a taɓa shi ba. Ya canza ruwa, ya canza kwanaki, ya rubuta kowane gwaji a ɗan littafinsa.

Makon jiya, ranar Talata da hantsi, ya ɗora na goma sha ɗaya. A kan fili mai ruwan zuma, ƙwaya guda ta tsaya baƙa siɗik, da dogon jiki da rassa, rassan da nasu rassan, har zuwa ƙanana masu ɗan ƙaiƙayi a jiki, kamar bishiyar da ta zubar da ganye. Ya murza maɓallin ya ƙara tabbatarwa. Sannan ya tashi ya bi ɗakin yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: masu rini biyu, mai rubuta sakamako, direban da ya kawo kwalabe, har mai shara ya sa ta jingine tsintsiya ta wanke hannu.

Matar ta leƙa ta daɗe. "Malam, wannan kuma ina ne?"

"Cikin kai. Da irinta kike tuna sunayen jikokinki."

"Guda nawa ne a kan mutum?"

"An ce sun fi ƙarfin ƙirga."

"To nawa dai wasu sun zube," ta ce, "don jiya da sunan babba na kira ƙaramin."

Dakta ta shigo ta tarar da layi a gaban madubin. Ba ta ce kowa ya koma bakin aiki ba. Ta ajiye jakarta a kan kujera, ta bi bayan direban ta tsaya.